Kwanciyar Rai ko Runtse Ido?

Duk wanda ya saba tsayawa gaban masu baza littattafai a ƙasa, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, ya san wasu littattafan Faransanci da ba sa daɗewa a kan tabarma. Biyu daga cikinsu sun fi shahara: La puissance de votre subconscient na Joseph Murphy, da La puissance de la pensée positive na Norman Vincent Peale. Masu sayensu ba jahilai ba ne. Malaman makaranta ne, da ɗaliban da jarrabawar bak ta sa a gaba, da ma'aikatan da albashinsu ke ƙarewa tun wata bai raba ba, Kirista da Musulmi baki ɗaya. Yau kuma ba sai an je kasuwa ba, domin ana tura su daga waya zuwa waya, haɗe da muryoyin masu horarwa da ke maimaita darasin da Faransanci mai santsi.

Abin da da yawa cikin masu karatun ba su lura da shi ba shi ne, marubutan nan biyu limaman coci ne a Amurka, kuma ginshiƙin maganarsu wata hanya ce ta musamman ta karanta Littafi Mai Tsarki na Kirista, wadda masu ita ke kira karatun metafizika, mu kuma muna iya ce mata karatun baɗini. Alƙawarin wannan karatu babba ne. Yana cewa duk labarin da ke cikin littafin hoto ne na abin da ke gudana a cikin ranka, kuma in ka gane haka za ka sami wata mafaka a zuciya wadda tsoro ba ya shiga, daga nan lafiya da wadata da tsaro su biyo baya kamar yadda inuwa ke bin mai ita.

Ni dai ba fasto ba ne, ba kuma malamin tafsiri ba. Sana'ata ita ce koya wa yara yadda ake zama gaban rubutu a saurari abin da yake faɗa, da Hausa ko da Faransanci. Da wannan ma'auni na auna karatun baɗinin nan, kuma abin da na gani shi ne yana cin amanar littafin da yake karantawa, sannan ya ci amanar mai karatun a ranar da ya fi bukatar madogara.

Asalin tafiyar

A Amurka aka haifi wannan karatu, cikin ƙarni na 19. Wani mai gyaran agogo a jihar Maine, Phineas Quimby, wanda ya rasu a 1866, ya koyar da cewa cuta kuskuren tunani ne da ya sauka a jiki, in an gyara tunanin jikin zai bi. Daga almajiransa da waɗanda suka karɓa daga gare su aka sami tafiyar da ake kira Sabon Tunani. A 1886 wata mata mai suna Myrtle Fillmore, wadda ke fama da ciwon da ake ɗauka tarin fuka ne, ta saurari wata lacca a birnin Kansas, ta fito da yaƙinin cewa tunda asalinta daga Allah yake, cuta ba gadonta ba ce. Ta sami sauƙi, ta rayu har 1931. Ita da mijinta Charles suka kafa ƙungiyar Unity a 1889.

Charles Fillmore ne ya ba karatun baɗini kayan aikinsa. A 1931 ƙungiyarsa ta fitar da wani babban ƙamus wanda ya bi sunayen mutane da garuruwa na Littafi Mai Tsarki ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowanne ma'ana a cikin ran ɗan Adam. Masar ta zama duhun hankalin da ya maƙale ga jiki da abin duniya, Urushalima ta zama wurin salama da ke cikin zuciya, fitowar Isra'ilawa kuma ta zama fitar rai daga wancan duhu. Shekara ɗaya kafin nan ya riga ya bayyana almajiran Yesu 12 a matsayin baiwa 12 da ke cikin kowane mutum: Bitrus bangaskiya, Yahaya ƙauna, Andarawas ƙarfi, Toma fahimta, har ya nuna wa kowace mazauninta a jiki, ƙauna wajen zuciya, iko wajen maƙogwaro.

Emmet Fox, haifaffen ƙasar Ailan, shi ya kai abin ga talakawa. A shekarun 1930 dubban mutane kan cika manyan zauruka a Niyok don su saurare shi, kuma a 1934 ya buga sharhinsa na Huɗubar Kan Dutse. A wajensa, in Linjila ta ambaci zuciya, ɓoyayyen sashen hankali take nufi, in ta ambaci gadon ƙasa, halin rayuwarka na waje take nufi, kuma dokar da ta haɗa su ita ce abin da ke waje amsa-kuwwa ne na abin da ke ciki. Neville Goddard, wanda ya rasu a 1972, ya kai maganar iyakarta, ya ce littafin gaba ɗaya wasan kwaikwayo ne da ke gudana a cikin hankali, ba tarihin wasu mutane da suka taɓa rayuwa ba. Murphy, wanda littafinsa ya fito a 1963, ɗan wannan gida ne, Peale na 1952 kuma maƙwabci ne da ya ɗebi wuta daga murhunsu.

Abin da ba na musu a kansa

Yabon gwani ya zama dole. Ƙishin da wannan karatu ya zo kashewa ƙishi ne na gaske. Mutanen da suka cika zaurukan Fox mutane ne da karayar tattalin arziki ta 1929 ta durƙusar, a ƙasar da a 1933 kusan ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ba shi da aiki. Da yawa cikinsu sun tashi a coci-cocin da ba a ji musu komai sai wuta da fushin Ubangiji. Mutumin da ya ce musu Allah na kusa, kuma ba ya farautar su, ya sauke musu kaya mai nauyi. Farkon mambobin ƙungiyar masu yaƙi da jarabar giya da aka kafa a Amurka a 1935 sun karanta littafin Fox sun amfana. Ya kamata kuma a faɗa cewa Unity ba ta hana mabiyanta zuwa asibiti.

Haka kuma neman ma'ana ta ciki a nassi ba baƙon abu ba ne a addinin Kirista. Bulus da kansa, a wasiƙarsa ga Galatiyawa, ya karanta labarin Hajaratu da Saratu a matsayin misalin alkawari biyu. Orijen na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya shahara da wannan fanni. Ogustin, ɗan ƙasar da yau ake kira Aljeriya, sai da ya ji Ambrosiyus yana irin wannan sharhi a Milan sannan Tsohon Alkawari ya buɗe masa. Amma malaman da suka biyo baya sun kafa wa abin shinge. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsayar da cewa duk ma'anonin ciki a kan ma'anar zahiri suke tsaye, kuma daga zahirin kaɗai ake ciro hujja. Mai karatu da ya zauna a zauren malamai zai gane wannan muhawara, domin kalmomin zahiri da baɗini daga can muka same su. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yarda cewa umarnin da aka yi wa Annabi Musa na cire takalma yana ɗauke da ishara ta barin duniya, amma ya dage cewa takalman na gaske ne kuma an cire su, ya kuma soki Baɗiniyya don sun watsar da zahirin. Ashe rigimata da su Fillmore ba a kan wanzuwar baɗini take ba. A kan abin da suka yi wa zahiri take, da kuma farashin da mai karatu ke biya.

Ƙamus da ya riga karatu

A duba abin da idon malamin makaranta. A ce ka ba aji tatsuniyar La Fontaine ta kyarkeci da ɗan rago, wani ɗalibi ya rubuta cewa kyarkecin mugun tunaninsa ne, ɗan ragon kuma kyakkyawan tunaninsa. Mako mai zuwa ka ba su labarin Gizo da kura, ya ce kurar mugun tunaninsa ce. Ka ba su waƙar yaƙi, ya ce maƙiyan mugun tunaninsa ne. Ba za ka kira wannan yaro mai zurfin fahimta ba. Za ka rubuta masa a gefen takarda cewa bai karanta rubutun ba, domin wanda ya san amsa tun kafin ya buɗe shafi ba ya bukatar shafin. Za ka kuma ji takaicin abin da ya ɓace masa, wato cewa La Fontaine, a 1668, ƙarƙashin sarki mai cikakken iko, yana magana ne kan yadda mai ƙarfi ke ƙirƙiro hujja don ya cinye mara ƙarfi.

Ƙamusun 1931 haka yake yi wa Littafi Mai Tsarki. Littafin tarin rubuce-rubuce ne da aka yi cikin ɗaruruwan shekaru, da Ibrananci da Aramiyanci da Girkanci, akwai doka, akwai tarihi, akwai makoki, akwai wasiƙu, akwai annabawan da ke tsawata wa masu tauye mudu da masu ƙwace gonar maraya. Karatun baɗini ya zuba su duka a turmi ɗaya ya daka, ya fito da gari iri ɗaya: gyara tunaninka. Rubutun da aka yi wa haka ya daina iya ba mai karatu mamaki, ya daina iya tsawata masa, ya koma madubi. Madubi kuwa fuskar mai dubawa yake nunawa. Charles Fillmore dillalin filaye da gidaje ne kafin ya zama mai wa'azi, kuma a littafinsa na 1936 kan wadata ya sake tsara Zabura ta 23, ya cire makiyayi ya sa mai banki a gurbinsa. Wanda ya san garken tumaki da sandar makiyayi ba ya bukatar a gaya masa abin da aka yi hasara a wannan musanya.

Hasarar ta fi fitowa fili a labarin Masar. A ƙasar da aka haifi Sabon Tunani, a ƙarnin da aka haife shi, ƙidayar 1860 ta sami bayi kusan miliyan 4. Su ma sun ji labarin Fitowa, kuma ba su bukaci ƙamus ba. Sun san Fir'auna, sun san sunansa da gonarsa da bulalarsa. Harriet Tubman, wadda ta tsere daga bauta a 1849 ta kuma riƙa komawa tana fito da mutane, kimanin 70, laƙabin Musa aka ba ta. A daren 3 ga Afrilu 1968, a birnin Memfis inda ya je goyon bayan yajin aikin masu kwasar shara, Martin Luta Kin ya kwatanta kansa da Musa a kan dutse yana hangen ƙasar alkawari, washegari aka harbe shi. Waɗannan ma karatun misali suka yi, amma misalin nasu ya fita waje ya tunkari azzalumi. In Masar duhun hankalinka ce kawai, to babu Fir'aunan da za a ce wa ya saki mutane, kuma wannan albishir ne ga kowane Fir'auna.

Mafakar da ke bukatar gadi dare da rana

Sai mu zo ga kwanciyar ran ita kanta, tunda ita ce hajar da ake talla. Idan gaskiya ne tunani ke haifar da abin da ke samun mutum, to tsoro ya tashi daga matsayin jin da ke zuwa ya wuce, ya zama makami mai harbin mai shi. Uwar da ɗanta ke zazzaɓi a tsakiyar damina, a da abu ɗaya take tsoro. Yanzu da aka koya mata wannan doka, abu biyu take tsoro: zazzaɓin, da kuma tsoron da take ji, kada shi ya jawo abin da take gudu. An guje wa gara an faɗa wa zago.

Fox da kansa ya nuna nauyin wannan gadi. A 1935 ya fitar da wani ɗan littafi da ke umartar mutum ya yi kwana bakwai cur ba tare da ya bar mummunan tunani ya zauna masa a rai ba, in kuma ya kasa a tsakiya, ya sake farawa daga ranar farko. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada irin wannan umarni. A 1987 Daniel Wegner da abokan aikinsa suka ce wa mutane kada su yi tunanin wata farar dabba na ƴan mintoci. Sun kasa, kuma da aka sake su, tunanin ya dawo musu fiye da na waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Dalilin a fili yake, domin wanda ke gadin ƙofa don kada wani ya shigo dole ya riƙa tuna fuskar wanda yake hanawa. Duk malamin da ya taɓa ce wa aji kada kowa ya yi dariya ya san sakamakon.

Abin mamaki shi ne Linjila ta riga ta yi maganar wannan irin tsaro. Zabura ta 91, wadda ke magana kan kariya daga annoba da kibiya da tuntuɓe, tana cikin nassoshin da masu karatun baɗini suka fi so, kuma Fox ya yi mata sharhi a matsayin bayanin mafakar da ke cikin hankali. To, a babi na 4 na Matiyu da na Luka, wanda ya jawo wannan zabura Iblis ne. Ya kai Yesu ƙololuwar Haikali, ya karanto masa alkawarin kariyar, ya ce ya faɗo ya gani. Yesu ya ƙi, a kan cewa ba a gwada Allah. Wato littafin da kansa ya ajiye misalin mai mayar da alkawarin kariya wata dabara da ake murzawa ta yi aiki, ya kuma faɗi bakin wanda dabarar ta fito. Ban san yadda ƙamus zai goge wannan ba.

Laifi a wuyan wanda abin ya sama

Nan ne maganar ta wuce gardamar masana ta zama zalunci. Dokar da ta ce kyakkyawan tunani ke kawo lafiya da wadata, ita ce ta ce cuta da talauci daga mummunan tunani suke, ko da masu wa'azinta sun tausasa harshe. Ba a karɓar gaban kuɗi a ƙi bayansa. Myrtle Fillmore ta sami sauƙi, muna taya ta murna. Amma shekara huɗu kafin laccar da ta saurara, a 1882, Robert Koch ya riga ya gano ƙwayar da ke kawo tarin fuka. An san kuma tun kafin a sami magani wasu masu ciwon kan warke da kansu, da yawa kuma su mutu, har gwajin da aka buga sakamakonsa a Ingila a 1948 ya tabbatar da maganin farko mai aiki. Wadda ta warke ta kafa ƙungiya ta ba da labari. Waɗanda suka yi yaƙini irin nata suka mutu ba su bar mujalla ba. A 2007 James Coyne da abokan aikinsa suka bi majiyyata 1,093 masu ciwon daji na kai da wuya, suka tarar halin zuciyar majiyyaci, mai fara'a ne ko mai baƙin ciki, bai nuna wanda zai daɗe da wanda ba zai daɗe ba. Fara'a tana sauƙaƙa zaman jinya, wannan gaskiya ne, amma wanda ciwo ya ci ba rashin fara'a ya kashe shi ba.

Littafi Mai Tsarki ya keɓe littafi guda cur don rusa wannan doka. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna gabansa babi bayan babi suna nanata masa cewa masifa ba ta sauka banza, ya binciki kansa. Ayuba ya ƙi yarda, ya yi kuka, ya yi gardama. A babi na 42 abokan ne Allah ya yi fushi da su, Ayuba kuma aka ce ya yi musu addu'a. A babi na 9 na Yahaya, almajirai sun tambaya ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani makaho, aka amsa musu cewa ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. A babi na 13 na Luka an ambaci mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, aka ce ba su fi sauran mutanen gari laifi ba. Masu Sabon Tunani sun ɗauki hujjar abokan Ayuba, sun cire kalmar zunubi sun sa kalmar tunani, suka sayar da ita da sunan ƴanci.

Mu kawo abin gida, tunda littattafan sun iso gida. Malamin kwantaragi da kuɗinsa suka yi jinkiri, in ya gaskata cewa tunanin rashi ne ya tsare su, ba zai je taron ƙungiyar ƙwadago ba, zai shiga ɗaki ya gyara hankalinsa. Manomin da fari ya cinye wa gero ba da zuciyarsa ya kore hadari ba. Kuma ba mu manta ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 ba, lokacin da aka ƙona coci-coci masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu. Wa zai iya tsayawa gaban iyalin da suka kwana a ɓoye a ranakun nan ya ce musu wutar daga tunaninsu ta fito? Waɗanda suka tsira a gidajen maƙwabtansu Musulmi sun san inda tsaro ya fito musu: wani ne ya buɗe ƙofarsa, ya ɗauki kasada.

Kwanciyar ran da littafin ya sani

Wani zai ce, to in ka ƙwace wa mutane wannan, me ka bar musu? Ban ƙwace komai ba, domin abin da suke nema yana nan cikin littafin da ke hannunsu, sai dai kamarsa dabam ce. Cikin zabura 150, kusan kashi ɗaya cikin uku koke-koke ne, ta 88 ma a duhu ta ƙare ba tare da wata kalmar lallashi ba. Da za a auna su da ma'aunin kwana bakwai na Fox, da masu zabura sun faɗi tun ranar farko. Linjila ta nuna Yesu a Getsamani cikin matsanancin baƙin ciki, yana roƙon a ɗauke masa abin da ke tafe, ba a kuma ɗauke ba. Bulus ya lissafa cewa sau biyar aka yi masa bulala 39, sau uku jirgi ya fashe da shi, kuma ya roƙi a cire masa wata ƙaya a jiki har sau uku aka bar masa ita. Wasiƙarsa ga Filibiyawa, wadda Kirista ke yawan komawa gare ta in suna maganar salama, daga kurkuku ya rubuta ta.

Ogustin ya fuskanci tambayar tsaro a zahiri. Bayan an washe Roma a 410, mutane suka ce ina amfanin addinin da bai kare masu shi ba. A farkon littafinsa na Birnin Allah bai ce musu tunaninsu ne ya jawo mahara ba. Ya ce wahala ɗaya ke samun nagari da mugu, bambancin yana ga yadda kowa ya fito daga cikinta, ya kuma gaya wa matan da aka ci zarafinsu cewa babu laifi a kansu. A 430, lokacin da mayaƙan Bandal suka kewaye garinsa Hippo, wato Annaba ta yau, yana kwance yana jinyar ajali, ya sa aka rubuta masa zaburan tuba aka manna a bango, yana karantawa yana hawaye. Mutumin da ya fi kowa rubutu kan komawa cikin zuciya a tarihin Kirista, haka ya cika, garinsa a kewaye, idonsa a buɗe.

Bambancin ke nan. Kwanciyar ran da waɗannan mutane suka bayyana dogaro ce ga Wani wanda ba su ba ne, don haka ba ta rushewa in hankalinsu ya girgiza, suna iya jin tsoro su faɗa, su yi kuka, su yi gardama, ba tare da sun ji sun karya wata doka ba. Kwanciyar ran karatun baɗini kuwa a kan ƙwarewar mutum wajen sarrafa tunaninsa take tsaye, saboda haka ranar da ciwo ko rashi ko tsufa suka raunana hankalin, ranar take gudu, ta bar shi da masifa da kuma zargin kai. Masanin falsafa William James, wanda ya yi wa wannan tafiya kallon tausayi a 1902, ya yarda tana yi wa wasu amfani, amma ya yanke cewa ba ta isa bayanin rayuwa ba, domin munanan abubuwan da take ƙin kallo su ma yanki ne na gaskiya. Tafin hannu ba ya rufe rana.

Abin da ya rage gare mu

Ba ina kira a hana sayar da littattafan nan ba ne, kuma ba ina raina wanda ya sami sanyi a cikinsu a daren da ya rasa barci ba. Kirana ga abokan aikina malamai da ƙungiyoyinmu na raya al'adu shi ne mu daina barin su suna yawo a hannun yaranmu ba tare da an tattauna su ba. Mu kawo su zauren karatu, mu faɗi inda suka fito da shekarun da aka rubuta su da irin mutanen da aka rubuta wa. Mu ajiye shafin Murphy kusa da labarin da ya ce yana fassarawa, tunda Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, mu tambayi ɗalibi: wa ke magana a nan, da wa yake, me ya faru, me aka cire kafin a kai ga wannan ma'ana? Tambayoyin da muke yi wa kowane rubutu ke nan a aji, babu dalilin da zai sa mai alƙawarin arziki ya tsallake su.

Ƴan'uwanmu Kirista na Maraɗi da Tsibiri da Galmi da Dogon Dutsi sun fi ni sanin littafinsu, kuma su ne suka fi cancanta su kare shi daga masu mayar da shi littafin dabarun samun nasara. Sauranmu kuma muna da namu rabon a cikin aikin, domin darasin da ke cewa duk abin da ya same ka kai ka jawo shi ba ya tambayar addinin wanda zai cuta. Yaron da ya faɗi jarrabawa a ajin da ɗalibai suka yi wa malami yawa, ba littafi, ba teburi, yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya: ya ƙara ƙoƙari inda ƙoƙari ke da amfani, ya yi haƙuri inda haƙuri ya wajaba, ya kuma haɗa kai da wasu a gyara abin da mutum ɗaya ba ya iya gyarawa daga cikin ɗakinsa. Allah ya ba mu kwanciyar rai da idonmu biyu.